Bindigar Gidanmu: Tarihin Gyaran Bindigar Toka a Ƙasar Gwarzo da Kabo

 

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wata tsohuwar bindiga da na tashi na tarar a rataye a turakar kakana a Masanawa, cikin ƙaramar hukumar Kabo ta yanzu. Muna yara ba mai ikon taɓa ta, sai dai leƙe daga bakin ƙofa. A gidanmu ana cewa kakan mahaifina ne ya zo da ita daga fataucin goro a Gwanja, kuma ban taɓa jin wanda ya yi musun haka ba. Sai da na bar aikin gwamnati, na sami sukunin zama da tsofaffin maƙera da maharba na ƙasar Gwarzo da Kabo, sannan na gane cewa a jikin bindigar nan babu abin da ya taɓa ganin hanyar Gwanja illa wani ɗan faifan ƙarfe guda da ke manne a gefenta. Ƙotar a nan aka sassaƙa ta, kunamar a nan aka ƙera ta, bututun ma ba shi ne na asali ba. Duk da haka ba wanda ya taɓa kiran ta sabuwar bindiga.

To, wannan gyara da sauye-sauye da maƙeranmu suka riƙa yi wa bindiga su nake son in bi diddigi, domin kowane gyara yana da zamaninsa, yana kuma da dalilin da ya tilasta shi. Ba koyar da ƙira na zo yi ba, don ni ba maƙeri ba ne, kuma doka ma ba ta yarda ba.

Shigowar bindiga ƙasar Kano

Kalmar bindiga daga Larabci muka aro ta, haka ma albarushi da harsashi, wanda ke nuna cewa ta hanyar arewa da gabas muka fara jin labarinta. Littafin Tarihin Kano, wanda Baturen nan Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya ambaci bindiga cikin kayan da Dagaci ya zo da su daga Barno a zamanin Sarki Dauda (1421 zuwa 1438). Masana da yawa suna ɗari-ɗari da wannan ruwaya saboda lokacin ya yi wuri ƙwarai, ni ma ina tare da su. Abin da ya fi ƙarfi shi ne abin da littafin ya kawo a zamanin Kumbari (1731 zuwa 1743), cewa an shigo da garkuwoyi daga Nufe tare da bindigogi, da kuma cewa Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ne Sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga suna tsaron sa. Mai karatu ya lura da wannan suna. A wancan zamani 'yan bindiga bayin sarki ne masu daraja, waɗanda jikokinsu duk wanda ya taɓa kallon hawan salla ya ji rugugin harbinsu. Yau idan aka ce 'yan bindiga a rediyo, gaban kowa faɗuwa yake yi.

Amma kada a ɗauka bindiga ce ta riƙe yaƙi a ƙasar Hausa. Jihadin da aka fara a 1804 da kwari da baka da takobi da mashi aka yi shi. Sanannen labari ne cewa Yunfa Sarkin Gobir ya ɗana wa Shehu Usmanu bindiga, wutar ta dawo ta ƙone shi. Ko ba a shiga batun karama ba, labarin ya nuna irin bindigar wancan lokaci, wadda ba ta da tabbas ko a hannun sarki. Bature matafiyi Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya lissafa dubban ruwan takubba da ake shigowa da su kasuwa daga Turai, amma bindiga ya ce kaɗan ce, sai dai an fara kawo masu araha ta wajen Nufe.

Sai a ƙarshen ƙarni na 19 al'amarin ya sauya. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi, har ana zuba masa igwa ana haɗa masa albarushi a gida. Rabe ya ci Barno a 1893 da ƙarfin bindiga. A Kano kuwa basasar Tukurawa da Yusufawa (1893 zuwa 1895) da yaƙe-yaƙen Sarki Alu da Damagarawa sun sa fada ta ƙara dogara da bayi 'yan bindiga.

Mu a nan yamma

Ƙasar Gwarzo da Ƙaraye bakin iyaka ce, kuma a ƙarni na 19 ta sha hare-haren Maraɗawa da sauran mahara masu neman bayi da dukiya. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wadda aka haifa a wajen Zarewa, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, zai ga yadda mutanen karkara ke gudu su shige garuruwa masu ganuwa da zarar an ji kuwwa. Tsofaffin da na zanta da su duk bakinsu ɗaya a kan cewa kakanninsu da kibiya mai dafi suke kare kansu. Bindiga kayan fada ce, talaka ba ya ajiye ta sai da sanin manya.

Wannan ne ya sa na sake duba labarin gidanmu. An san sarakunan Asante sun hana bindiga da albarushi wucewa arewa zuwa kasuwar Salaga, inda fatakenmu ke sayen goro, don ba sa son maƙwabtansu su yi ƙarfi. Ikonsu a kan Gwanja bai karye ba sai bayan da Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874. Saboda haka idan har daga Gwanja bindigarmu ta fito, to bayan 1874 ne. A zatona ma ta fi kama da wadda aka saya a hanya, a Nufe ko Lakwaja, aka jingina ta ga Gwanja saboda can ne ayarin ya nufa. Na faɗi haka a wani taron suna na dangi, wani baffana ya ce boko ne ke ɗibata. Ban ƙara ba.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Kanar Morland, sojoji ɗari bakwai da 'yan kai, da igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu, ta shiga birnin Kano ta Ƙofar Kabuga, wato ƙofar da mu mutanen Gwarzo muke bi idan za mu shiga birni. Daga ranar bindigar toka ta tashi daga kayan yaƙi. Abin mamaki, daga nan ne kuma ta fara yawa a hannun talakawa.

Dalilin da ya sa aka bar mu da tsohon yayi

Bindigar da muke kira ta toka, ko baushe, ko adaka, ko kuma harba-ka-ruga idan ana son a yi mata shaƙiyanci, asalinta bindigar ciniki ce da Turawa ke kawowa bakin teku. Turawan Ingila suna kiran ta da sunan mutanen Danmak, waɗanda ke da sansanin ciniki a Ankara har zuwa 1850, ko da yake akasarinta a Bamingam ta Ingila da Liyej ta Beljiyam ake ƙera ta. Ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a danna tsumma, a zuba dalma ko guntayen ƙarfe, a sake dannawa. Idan aka ja kunama, ƙanƙara ta ƙyasta ƙarfe kamar yadda ake yi da ƙyastu, tartsatsi ya kama albarushi. In an harba sau ɗaya sai an sake wannan hidima duka, daga nan sunan harba-ka-ruga ya samo asali.

A Turai tun farkon ƙarni na 19 aka fara barin ƙanƙara, aka koma ga 'yar hular tagulla da kunama ke sara ta ba da wuta, daga baya kuma aka koma ga harsashi mai ƙwanso da ake sakawa ta gindi. Su ma can ba zubar da tsofaffin suka yi ba, gyara su suka yi. Alal misali a 1866 sojan Ingila ya ɗauki bindigoginsa na Enfield masu ɗuri ta baki, aka yanke gindinsu aka sa musu ƙofa, suka koma cin harsashi, aka kira su Snider. Ke nan abin da maƙeranmu suka zo suna yi daga baya ba baƙon abu ba ne a duniya. Bambancin kawai shi ne su can ma'aikatar gwamnati ce ke yi, da ƙarfen da aka san ƙarfinsa, kuma akwai gidan gwajin bututu, irin wanda aka kafa a Bamingam a 1813, inda ake cika bututu fiye da ƙima a harba, in ya jure a buga masa tambari.

A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burasels, suka hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, suka bar musu mai ƙanƙara marar zare a ciki da albarushin ciniki. Ba ƙaunar mu ta sa aka bar mana ita ba, an dai tabbata ba za ta iya ja da ta soja ba. Irin wannan dabara ce Ingilishi suka yi a Indiya daga shekarun 1920, inda suka riƙa ɗaukar bindigar soja mai cin harsashi goma suna rage mata ƙarfi, ta koma mai ci ɗaya, sannan su ba 'yan sanda da masu gadi. Wato shi gyaran bindiga a hannun hukuma fuska biyu gare shi: a ƙara wa naka ƙarfi, a rage wa na wanda kake mulka.

Aikin maƙeri

Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan, har ma Kano kanta ana danganta sunanta ga wani maƙeri da ya zo daga Gaya neman tama a gindin Dala. Amma bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turai da tarkacen inji suka wadata, sai narka tama ya mutu a hankali. Maƙeri ya koma mai sarrafa abin da ya tsinta. A irin wannan hali ne maƙeran ƙauyukanmu, waɗanda asalin aikinsu fartanya ce da garma da lauje da gatari, suka shiga gyaran bindiga, domin manomi na bukatar abin korar birai da gyado daga gona, maharbi kuma na neman gada da barewa da zabin daji.

Wanda ya warware mini tarihin bindigarmu wani dattijon maƙeri ne a wani ƙauye tsakaninmu da Getso, wanda a lokacin da na je wurinsa ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni amma hannunsa bai manta ba. Mahaifinsa ne maƙerin kakana. Na kai masa ita a naɗe cikin buhu. Ya shafa ta tun daga baki har ƙota, ya yi shiru, can ya ce, "Wannan ai ta gidan Malam ce. Ina yaro ni na yi zuga ranar da aka sauya mata kunama."

Ga yadda ya jera mini gyare-gyaren. Na farko ƙota ce, wadda gara ta ci, aka sa masassaƙi ya fafe wata, maƙeri ya ɗaure ta da zobban ƙarfe, baduku ya naɗe wuyanta da jan fata. Wannan tun kafin a haife shi ne, ji ya yi. Na biyu shi ne wanda ya gani da idonsa, wato cire ƙanƙara. Ya ce ƙanƙarar kirki daga kudu ake kawo ta, ta yi wuya, ga shi kuma da damina ko da raɓar asuba sai bindiga ta ƙi tashi, maharbi na kallon nama yana wucewa. Sai aka kawar da muƙamuƙin da ke riƙe ƙanƙara, aka ƙera kunama mai sara, bindiga ta koma mai hula. Na uku bututu ne. Na asalin ya cinye ta ciki saboda tsatsa, har an fara ganin tsaga, aka maye shi da wani ƙarfen mota. Na tambaye shi yadda suke gane bututu zai jure, tunda ba su da gidan gwaji. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, gwajinmu kuka ce. A ɗaure ta a jikin kuka, a ja da igiya daga bayan ganuwar gona. In ta rayu, taka ce."

A ganina wannan jumla ta ƙunshi gwanintar maƙeranmu da kuma iyakarta. Sun san ƙarfe da ido da kunne, sun san gawayin ƙirya ya fi kowanne riƙe wuta, sun san launin da ƙarfe ke yi idan ya isa duka. Abin da ba su da shi shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tashi a cikin bututu lokacin harbi, kuma wannan ba abu ne da ido ke gani ba.

Gyaran da aka ƙi yi

Akwai gyara na huɗu da mahaifina ya so a yi, ba a yi ba, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai. Bayan yaƙin basasar Nijeriya (1967 zuwa 1970) bindiga mai baki ɗaya da mai baki biyu, masu cin harsashin kanti, sun fara bayyana a hannun ma'aikata da attajirai. Sai maharban ƙauye suka shiga sha'awar a buɗe gindin bindigoginsu a yi wa harsashi mazauni, su huta da ɗuri. Wasu maƙera suka karɓi aikin. Mahaifina ya ɗauki tamu ya kai wa wannan maƙeri, a lokacin shi ne a kan uwar maƙera, mahaifinsa ya rasu. Ya ce ya gaya masa, "Yaya, in kuɗi ne zan karɓa, amma hannunka fa? Wannan cikin tuwo aka yi shi, ba zai ɗauki abincin Bature ba." Mahaifina ya dawo gida da fushi, ina tune da ranar, don ko tuwon dare bai ci ba.

Maganar maƙerin tana da tushe a ilmi, ko da yake shi bai san sunan abin ba. Albarushin da ke cikin harsashin kanti ba irin na toka ba ne. Marar hayaƙi ne, wanda aka fara haɗawa a Faransa a 1884, kuma ƙarfin da yake tayarwa a gindin bututu ya fi abin da ƙarfen bindigar toka zai ɗauka. Ga shi kuma wurin da za a rarake don harsashi ya zauna, nan ne daidai inda ake bukatar kauri. Wato a rage ƙarfe a inda wuta ta fi ƙarfi.

Ba a yi shekara ba, cikin farin nan na 1973 lokacin da abinci ya yi wuya kowa ya faɗa daji neman nama, wani maƙwabcinmu da aka yi wa irin wannan gyara a wani gari ya harbi zabo, bindiga ta tarwatse a hannunsa. Yatsu uku ya rasa da ido ɗaya. A kan jaki aka fito da shi zuwa bakin titi. Mutumin nan manomi ne mai iyali, daga ranar bai ƙara riƙe garma da hannu biyu ba, 'ya'yansa ƙanana suka shiga ƙwadago. Mahaifina bai sake tayar da zancen gyara ba, kuma da kaka ya aika wa maƙerin da damin dawa ba tare da ya faɗi dalili ba.

Abin da doka ta ce

Yawancin mutanenmu ba su san cewa wannan gyara, ban da haɗarinsa, yana sauya matsayin bindiga a gaban hukuma ba. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin na soja. Akwai na ƙashin kai, irin su mai baki ɗaya da mai baki biyu, waɗanda sai da lasin daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Sannan akwai masu ɗuri ta baki, inda bindigar toka take, ko mai ƙanƙara ko mai hula. Da zarar an mayar da ta toka mai cin harsashi, ta fita daga gida na uku. Ƙira da gyara kuma, ko na ta toka ne, dokar ta ce sai da izini. A da, lokacin da En'e ke da 'yan dokarta, dagaci da mai unguwa sun san kowane maharbi da kowane maƙeri, ana kau da kai ga mai gyaran bindigar gona. Bayan fashi da makami ya yawaita, gwamnatin soja ta kafa dokar hukuncin kisa a kansa a 1970, ta sake tsananta ta a 1984, sai maƙeri mai mutunci ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Dattijon nan ya ce shi tun zamanin Buhari na soja ya daina karɓar bindiga, ko ta aminin sa ce.

Sai dai barin da masu mutunci suka yi bai kashe sana'ar ba, ɓoye ta ya yi. Da matsalar tsaro ta game Zamfara da Katsina, har gwamnatin Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, kuma a 2025 hare-hare suka taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa da ke maƙwabtaka da mu, bindigar gida ta dawo hannun 'yan sintiri. Ina jin tausayin mutumin da ke tsaron garinsu da harba-ka-ruga alhali wanda zai zo masa yana ɗauke da bindigar soja. Ina kuma jin tsoron ranar da matasa za su koma wa gyaran da aka ƙi yi wa mahaifina, a hannun masu walda da ba su gaji ƙira ba, ba su kuma ga abin da ya sami maƙwabcinmu ba. Haka nan ba za a manta da abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, inda aka kashe mafarauta 16 'yan jihar Kano da ke hanyar dawowa gida salla, bayan an ga bindigogin toka a motar da suke ciki. Abin da a ƙauyensu kayan sana'a ne da aka gada, a can ya zama hujjar kashe su.

Kira ga malamai

A Gidan Makama ana iya ganin kayan yaƙin sarakuna, amma bindigar manomi, da facinta da ɗaurinta, ba ta cika samun mai kula ba. Malaman tarihi na makarantun Gwarzo da Kabo da Ƙaraye suna iya tura ɗalibai wurin tsofaffin maƙera da Sarakunan Baka, ba don su taɓa makami ba, sai don su rubuta wa ya kawo, wa ya gyara, a zamanin wane hakimi, da sunayen sassan bindiga kamar yadda maƙera ke faɗar su. Ni kaina kalmomi biyu na ji a bakin dattijon nan da ban rubuta a take ba, na ce sai na dawo. Da na koma bayan damina an yi arba'in ɗinsa. Jikansa yana nan a Gwarzo yana waldar ƙofofi da tagogi, kuma da na tambaye shi ya ce bai taɓa jin su ba.

Bindigar tamu kuwa, bayan rasuwar mahaifina muka yi shawara da 'yan'uwa aka toshe ta, ba ta ƙara tashi. Ɗan faifan nan na gefe, wanda shi kaɗai ya rage daga asali, akwai tambari a jikinsa da ya shuɗe saboda shafa. Na ɗora takarda a kai na goga fensir, abin da ya fito kamar kambin sarauta ne da wasu haruffa biyu a ƙarƙashinsa, na farkon ya ɓace, na biyun ko dai R ne ko B.